A Komo da Tarihi Gida

Cikin 'yan shekarun nan masana sun buga littattafai masu yawa a kan tarihin ƙasar Hausa, da rayuwar manyan mutanenta, da harshenta. Waɗansu daga ciki littattafai ne na ƙwarai, waɗanda masu su suka yi shekara da shekaru suna tono da bincike kafin su ɗora alƙalami bisa takarda. Amma da za a tara mutum dubu a kasuwar Kurmi ta Kano, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, a tambaye su wanda ya taɓa jin sunan ko da guda ɗaya, da wuya a sami mai ɗaga hannu. Mutanen nan kuwa suna son tarihi ƙwarai, gama duk inda dattijo ya soma ba da labarin yaƙin basasar Kano ko zuwan Turawa, nan da nan sai a kewaye shi. Abin da ya raba su da littattafan nan shi ne, da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, a Ingila da Amurka da Faransa aka buga su, can kuma ake sayar da su da fam da dala.

Ya kamata mai karatu ya san irin abin da ke cikinsu, don ya gane girman hasarar da ake yi masa.

A shekarar 2021 wani Bature mai suna Paul Naylor ya fitar da littafi a Ingila, wanda in an juya sunansa da Hausa sai a ce Daga Tawaye Zuwa Sarauta. Ya zauna ya bi littattafan Larabci waɗanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka rubuta, ɗaya bayan ɗaya, bisa ga shekarun da aka rubuta su, tun daga gab da hijira zuwa Gudu a 1804 har rasuwar Bello a 1837. Abin da ya so ya nuna shi ne, maganar mutum sa'ad da yake jayayya da sarki dabam take da maganarsa sa'ad da mulki ya komo hannunsa. Hujjojin da aka kawo don a halatta fita daga ƙarƙashin Sarkin Gobir Yunfa, ba su aka ci gaba da kawowa ba bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, lokacin da bukata ta zama ta a tsai da doka, a sa jama'a su yi biyayya. Ya kuma bi saɓanin da ya shiga tsakanin shugabannin su kansu, watau yadda Abdullahi ya ga abin da bai gamshe shi ba har ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, da yadda aka yi da gadon mulki bayan rasuwar Shehu a 1817, da tawayen Abdussalami, malamin nan Ba'are wanda yana cikin manyan almajiran Shehu tun farko.

Ba dole ne kowa ya yarda da Naylor ba. Akwai malamai a Sakkwato da Gwandu waɗanda suka karance littattafan nan a gaban malamansu tun ba a haife shi ba, watakila su ga ya karkace a nan, ko ya ɗora wa wata kalma nauyin da ba nata ba a can. To, amma ta yaya za su gyara masa, alhali kuwa an yi maganar da harshen da yawancinsu ba su karantawa? An yi shari'ar kakanninsu a bayan idonsu, an yanke, an rufe littafi, ba a ko aika musu da sammaci ba. Hasarar kuwa ba tasu ba ce su kaɗai. Shi ma marubucin ya rasa masu gyara waɗanda suka fi kowa cancanta.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Muhammad Bashir Salau ɗan Nijeriya ne, yana koyarwa a wata jami'a a Amurka. A 2011 ya buga littafi a kan Fanisau, garin nan da ke kusa da birnin Kano inda sarakuna da attajirai suka yi gandaye, bayi suna noma musu, a 2018 kuma ya faɗaɗa binciken ya game daular Sakkwato duka. A ciki akwai bayanin yadda ake raba aiki a gandu, da yadda bawa kan biya murgu ya nemi na kansa, da yadda ake fansa, da abin da ya sami gandayen bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi kuɗi, har zuwa 1936 da aka yi dokar hana bauta gaba ɗaya a Arewa. Daga ina aka samo wannan bayani? Babban rabonsa daga bakin dattawan ƙasar Kano ne, waɗanda aka bi gida gida a 1975 aka ɗauki muryoyinsu a kaset. Da Hausa suka yi magana. Waɗansunsu 'ya'yan bayi ne, waɗansu 'ya'yan iyayengiji, suka buɗe ciki suka faɗi abin da ba kowa ake gaya wa ba. Aka juya maganarsu da Turanci, aka haye teku da ita. Yau jikan mai maganar, in ya yi karatun yaƙi da jahilci ya iya karanta Hausa sarai, ba shi da hanyar sanin abin da kakansa ya faɗa.

Haka abin yake a Nijar. A 2021 wata Bafaranshiya, Camille Lefebvre, ta buga littafi a Faris a kan yadda Faransawa suka ci Damagaram da Agadas, tun daga kisan Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, ta kuwa yi aiki da rubuce-rubucen mutanen ƙasar don a ji yadda su suka ga al'amarin. A 2022 Moses Ochonu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero, ya fitar da nasa a Amurka a kan tafiye-tafiyen sarakunan Arewa zuwa Ingila, irin ta Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921. A shekarar nan dai Paul Newman ya buga tarihin harshen Hausa kansa a Kambirij, yadda kalmominsa da sautinsa suka sauya tun zamanin da. Tarihin Hausa, da Turanci.

Ko wanda ya ji Turancin ma, kuɗin littafi ya isa ya kore shi. Irin waɗannan littattafai, masu bango mai kauri, sukan kai fam 60 ko 80. A 2024 aka yanke mafi ƙanƙantar albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata, a ƙarshen shekarar kuwa fam guda ya kai wajen naira 2,000. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Gaskiya ne akwai waɗanda ake sakawa a intanet kyauta, wannan kuwa abin yabo ne, amma rijiya ko an buɗe bakinta, wanda ba shi da guga haka zai koma da ƙishirwarsa.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba, mutuniyar Karo. Tsohuwar nan ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya, da harin masu kamun bayi, da aure-aurenta, da zaman kishiyoyi, da ƙawance, da bori, da zuwan Turawa. Babu wani littafi da ya nuna zaman matan Hausawa na wancan zamani kamarsa. Baba ta rasu a 1951. A 1954 aka buga labarinta a London da Turanci, ya zaga duniya, ɗalibai a jami'o'in Amurka da Ingila suka yi ta cin jarrabawa da shi. Sai da aka yi fiye da shekara 30 kana aka buga shi da Hausar da mai shi ta faɗe shi, a lokacin kuwa tsararrakinta duk sun ƙare. Littafin Murray Last a kan daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, wanda kuma ya ginu bisa takardun gidan Waziri, shi ma ya yi wajen shekara 40 kafin waɗansu malamai a Sakkwato su yi ta maza su fassara shi. Kai, har tarihin rayuwar Alhaji Abubakar Imam, mutumin da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya yi shekaru yana jan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka tashi buga shi a Zariya a 1989, da Turanci ya fito.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, ya kuwa kamata a saurare su. Sukan ce masani don masana 'yan'uwansa yake rubutu, su kuwa suna warwatse cikin duniya, Turanci ne kaɗai ke haɗa su. Wannan gaskiya ne, ba kuwa wanda ya ce a daina rubutu da Turanci. Yana da kyau mutumin Jamus da na Indiya su san Nana Asma'u da Muhammadu Bello. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya ci bashi ya biya. Wanda ya shiga gari aka ba shi masauki, aka buɗe masa adaka aka fito masa da takardun kakanni, tsofaffi suka ɓata yininsu suna amsa tambayoyinsa, sa'an nan ya tafi ya sami digiri da kujera da suna, lalle akwai hakkin mutanen garin a wuyansa, godiyar da yakan rubuta a shafin farko kuwa ba ta sauke shi, tun da ita ma da Turanci take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka ba a kan baƙi mafi yawan laifin yake ba, a nan ne kuma maganar ke da ɗaci. Baƙo ya rubuta da harshen uwarsa, ba a ce ya yi abin mamaki ba. Ina 'yan gida? Akwai sashen tarihi a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Yamai. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundaye a kan tarihin garuruwa da masarautu da kasuwanni da malamai, su je ƙauye su yi tambaya da Hausa, a amsa musu da Hausa, su komo su rubuta da Turanci ko Faransanci, a ɗaure kundin da baƙin bango a jera a kanta, ƙura da gara su gaje shi. Malamansu kuwa ba su da lokacin fassara, domin ƙa'idar ƙarin girma a jami'a ta fi ganin ƙimar 'yar maƙala mai shafi 20 a mujallar ƙasashen waje, wadda mutum 50 za su karanta, bisa littafin Hausa wanda mutum dubu 50 za su karanta. Wanda ya fassara babban littafi sai a ce bai yi bincike ba, ya kwafi na wani ne kawai. Ƙa'idar nan ba daga sama ta sauko ba. Mutane ne suka zauna a majalisar jami'a suka rubuta ta, 'ya'yan ƙasar nan ne kuwa, da kuɗin harajin iyayensu aka koya musu Turancin da suke rufe musu ƙofa da shi.

Wata hujjar kuma, wai Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki zurfin ilmi. Wannan magana ce ta wanda bai gwada ba. A 1932 da 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, a ciki har da tarihin sarakunan Kano da aka juyo daga Larabci. Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari a 1958. Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani. Ma'aikata 'yan kaɗan ne suka yi wannan aiki, a zamanin da ake jera baƙaƙen ɗab'i da wahala, masu iya karatun boko kuma ba su da yawa. A bayansu Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta Hausa A Rubuce a 1988, ya bi tarihin rubutun Hausa tun daga ajami, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi littattafai a kan makaɗa da mawaƙa, Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamus na Hausa zalla a 2006. Malaman sashen Hausa sun daɗe suna nazarin nahawu da waƙa da Hausa, har zuwa digiri na ƙarshe. Harshen da ya iya feɗe waƙar Narambaɗa ya rarrabe karinta da salonta, ba zai kasa faɗin shekarar da aka ci Alƙalawa da dalilin cinta ba.

Abin kunyar ma shi ne, mutanen da ake rubuta tarihin nasu sun riga sun nuna hanya. Shehu Usmanu ya iya Larabci iyakar iyawa, da shi ya rubuta littattafansa na malamai, amma da ya tashi yi wa makiyaya da manoma magana sai ya yi musu wa'azi da waƙa da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta juya waƙoƙi daga wannan harshe zuwa wancan, ta naɗa jajis, watau shugabannin mata, suna zuwa daga ƙauyuka su karɓi karatu su koma su koya wa 'yan taru. Ba ta ce matan ƙauye su koyi Larabci tukuna kana a ba su ilmi ba. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta cikin babban littafi guda aka buga a Amurka, aiki ne kuwa na a yaba. Amma duk mai karanta tarihin matar nan da Turanci, yana yaba mata don ta kai ilmi ƙauye da harshen ƙauye, shi kuwa bai taɓa juya ko shafi ɗaya na bincikensa ba, ya kamata ya ji nauyi.

Kada a ce wannan gardamar malamai ce wadda ba ta shafi talaka ba. Inda aka hana mutane tarihi na gaskiya, ba zama suke yi babu tarihi ba, na ƙarya suke samu. Yau kowa da waya a hannu. Ana ta aika muryoyi da hotuna a Facebook da WhatsApp, wani ya ce jihadin 1804 yaƙin Fulani ne da Hausawa tsantsa, wani ya ce babu wani zalunci da aka yi a ciki ko kaɗan, wani ya zagi wannan kabila, wani ya rama, matasa suna ɗauka suna haddacewa, a ƙasar da ake zub da jini tsakanin makiyaya da manoma. Alhali kuwa tun 1981 Yusufu Bala Usman ya buga bincikensa a kan Katsina, inda ya nuna ba a fahimtar al'amarin in an ɗauke shi rigimar kabila biyu, gama akwai maganar malamai da masu sarauta, da birni da ƙauye, da haraji da fatauci. Akwai Hausawa cikin jama'ar Shehu, akwai Fulanin da ba su bi shi ba. Wanda ya san labarin Abdussalami, da wasiƙun da aka yi ta musaya tsakanin Bello da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙin, ba a ruɗinsa da 'yar murya ta minti uku. Maganin yana nan a rubuce, an kulle shi cikin harshen da majinyacin ba ya ji.

Masu cewa babu kasuwa, su je su dubi littattafan hikaya da marubutan Kano, yawancinsu mata, suka yi ta bugawa da kuɗin aljihunsu tun cikin shekarun 1980, ana saye ana karantawa har a gidajen rediyo. Masu cewa babu kuɗi kuma, su leƙa wurin bikin ƙaddamar da tarihin wani babban mutum. A nan akan tara gwamnoni da sarakuna da attajirai, a yi ta shelar miliyoyi a kan littafin da ba kome cikinsa sai kirari, an haifi mai gida da haƙoransa, bai taɓa kuskure ba, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, duk wanda ya yi jayayya da shi mahassadi ne. Shi ma yawanci da Turanci ake rubuta shi, ba don a karanta ba, don a ajiye a falo. Abin da ake tarawa a yini guda a irin wannan taro ya isa a biya masu fassara da maɗaba'a a fitar da littafin Salau da na Lefebvre da Hausa, har a yi ragi.

Abin da ake bukata ba shi da wuyar faɗi. Jami'a ta sa doka, duk ɗalibin da ya yi bincike a cikin jama'a ba za a ba shi digiri ba sai ya rubuta taƙaitaccen bayaninsa da harshen mutanen da ya tambaya, shafi 20 ko 30, ya kai musu. A lissafa fassara cikin ayyukan da ke kawo ƙarin girma. Hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, da Gidan Arewa na Kaduna, su nemi izni wurin masu maɗaba'un waje, su zaɓi littafi biyu ko uku kowace shekara a juya su, a buga a takarda mai araha, da boko da ajami, gama har yanzu akwai dubban mutane da ajami ya fi musu sauƙi. Ba lalle ne a juya kowane shafi da kowace hashiya ba, a ɗauki tsokar a bar ƙashin ga masana. Gidajen rediyo kuma su karanta su da dare kamar yadda suke karanta littattafan hikaya, a gayyato malaman zaure su faɗi inda suka yarda da inda suka ƙi.

Kaset ɗin nan na 1975 kuwa ba ya ma bukatar mai fassara. Da Hausa aka ɗauke shi. Abin da ya rage kawai shi ne a kwafe shi, a rubuta abin da ke ciki yadda aka faɗe shi, a ɗauki kwafi guda a kai makarantar Fanisau.